Ciwon Huhun Shanu: A Auna Magani Da Mudu Ɗaya

A cikin shekarar 2011 aka yi wa duniya shela cewa an ga bayan bushiya, cutar nan da ta share shanun kakanninmu wajen 1890, ta kuma komo ƙasar nan a 1983 ta bar Filani da yawa riƙe da sanda ba saniya. Wannan nasara ce babba, mun kuwa gode wa Allah a kanta. Amma bushiya ta tafi ta bar abokiyar tafiyarta a gida, watau ciwon huhu. Shekaru da yawa a wurare da dama a kan haɗa rigakafin cututtukan nan biyu a yi wa shanu lokaci guda. Da aka daina yawon allurar bushiya sai na ciwon huhu ya yi sanyi tare da shi, cutar kuwa ta sami sarari ta miƙe ƙafa. Yau masana da yawa sun ɗauke ta ita ce babbar annobar shanu mai ƙetare iyaka da ta rage a Afirka.

Abin da mu ke so mu jawo hankalin hukuma da masu karatu a kai shi ne yadda a ke gwada allurar rigakafin wannan cuta kafin a ce ta yi kyau ko ba ta yi ba. Wani zai ce wannan zancen likitoci ne, ina ruwan akawu ko malamin makaranta da shi? To, a yi haƙuri a bi mu har ƙarshe. Mu a ganinmu dukiyar talakawan ƙasar Yawuri, da kuɗin baitulmali, da amincin da ke tsakanin makiyayi da hukuma, duk suna rataye a wuyan wannan gwaji.

Halin cutar

Ciwon huhu wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ƙarama ƙwarai, wadda Nocard da Roux da abokan aikinsu suka fara rainonta a ɗakin bincike a Faransa a 1898. Ba ta kama mutum. Ba ta kuma daɗewa da rai a ƙasa ko a ciyawa. Hanyarta ita ce numfashi: saniya mai ciwo ta yi tari, ta kusa da ita ta shaƙa. Daga shaƙa zuwa bayyanar ciwo ya kan ɗauki mako uku, wani lokaci har wata shida. In ya bayyana sai ka ga saniya da zazzaɓi, ta koma bayan garke, ta tsaya ta miƙe wuya ta buɗe ƙafafun gaba, tana nishi da kyar. In aka yanka ta a kan tarar da ruwa rawaya a ƙirji, huhu kuwa, yawanci gefe ɗaya, ya yi tauri kamar hanta, ya yi zane-zane ja da fari da toka-toka, ya manne da haƙarƙari. A garken da cutar ba ta taɓa shiga ba tana iya kashe rabinsa.

Duk da haka ba mutuwar ce ta fi ba likitocin dabbobi tsoro ba. Abin tsoron shi ne saniyar da ta yi kamar ta warke. A cikin irin waɗannan akwai waɗanda ɓangaren huhun da ya ruɓe ya kan dunƙule, nama ya kewaye shi kamar an ɗinke shi cikin jaka, ƙwayoyin cutar kuwa suna nan a ciki da ransu wata da watanni. Saniyar ta yi ƙiba, gashinta ya kwanta, dillali ya yaba ta a kasuwa da zuciya ɗaya. Sai an kai ta wani garke, wahalar tafiya ko yunwar bazara ta same ta, sa'an nan mai saye ya ga abin da ya saya. Wake ɗaya ke ɓata gari. Ƙasar Ostareliya saniya guda ce da aka kai daga Ingila a 1858 ta kai mata cutar, ba a kuwa tabbatar da ta rabu da ita ba sai 1973, watau bayan shekara 115.

Duk wanda ya san ƙasar Yawuri ya san wuri ne da irin wannan cuta ke so. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, kogin Kwara ya zama tafki, in rani ya tsananta ruwa ya ja baya sai fadama ta buɗe, burugu da ɗanyar ciyawa su fito. Garkunan Shanga da Ngaski da na ƙetaren kogi, da baƙi daga Arewa, har da na Nijar da Benin, duk su gangaro bakin ruwa, hanci da hanci a mashaya guda. Ga kuma babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Jega da Koko ta ratsa Yelwa ta nufi Kwantagora da Jebba, wadda shanun fatauci ke bi zuwa Kudu. Ga rashin zaman lafiya da satar shanu na shekarun nan, waɗanda suka tilasta wa makiyaya barin wuraren da suka saba, suna cuɗanya da garkunan da ba su san asalinsu ba. Manomin da ya tara kuɗin albasa ko na shinkafa ya sayi shanun huɗa biyu, shi ma yana cikin wannan hatsari, nasa ma ya fi, don in ɗaya ya faɗi nomansa na bana ya tsaya.

Waɗansu ƙasashe sun rabu da cutar ta hanyar yanka da biyan diyya da hana shanu yawo. Amurka ta gama da ita a 1892, Ingila a 1898. Botswana, da cutar ta shige ta a 1995, sai ta yanke shanu wajen 320,000 a lardi guda, ta biya masu su. Mu ba mu da ƙarfin wannan, kiwonmu kuma na tafiya ne. Sabo da haka babban makaminmu shi ne allura. In makami ɗaya ke gare ka, wajibi ne ka san iyakar kaifinsa.

Sai an gwada a kan san na ƙwarai

Allurar da aka fi yi wa shanu a Afirka, wadda ma'aikatar binciken dabbobi ta Vom, da aka kafa a 1924, ta ke cikin masu yin irinta, ana kiranta T1/44. Asalinta ƙwayar cutar ce da aka samo a Tanganyika a farkon shekarun 1950, aka yi ta dasa ta daga ƙwan kaza zuwa ƙwan kaza har sau 44, don kaifinta ya ragu. Tana da amfani, ba shakka, in ana yinta kowace shekara ba fashi. Amma kariyarta ba ta cika wuce shekara guda ba, waɗansu shanu kuma su kan kumbura a wurin da aka soka ta. A gwaje-gwajen da aka yi a Afirka an sami inda allura ɗaya ta kare kashi ɗaya cikin uku na shanun, an kuma sami inda ta kare kashi biyu cikin uku. Tsakanin lissafin nan biyu akwai rata mai yawa. Wanne ne hukuma za ta riƙe in za ta tsara aikin shekara?

Dalilin ratar ba a cikin kwalba kaɗai ya ke ba. Tarayyar Afirka tana da ma'aikata a Bishoftu, ƙasar Habasha, wadda ke duba alluran dabbobi, ƙa'ida kuwa ita ce kada abin da za a yi wa saniya ɗaya ya gaza ƙwayoyi masu rai miliyan 10. Wannan ma'auni ne mai kyau, amma abin da ke cikin kwalba ya ke faɗa, ba abin da zai faru a cikin huhu ba. Gwajin jini ma ba ya iya tabbatar da cewa saniya ta tsira. Ɓeraye da zomayen da likitoci ke gwada waɗansu magunguna a kansu ba su yin wannan ciwon huhu irin na shanu. Hanya ɗaya ta rage: a yi wa waɗansu shanu allura, a bar waɗansu ba a yi musu ba, sa'an nan a kawo musu cutar da gangan a cikin killataccen wuri, a zauna a ga abin da zai faru. Waɗanda ba a yi wa allurar ba su ne shaidu. In ba su kamu ba, gwajin bai nuna kome ba.

To, a nan wuyar ta ke, domin sa wa saniya ciwon huhu da gangan ba abu ne mai sauƙi ba. Wani likita a ƙasar Beljiyam, Louis Willems, ya nuna tun 1852 cewa in aka sa ruwan huhun saniya mai ciwo ƙarƙashin fata, kumburi a ke samu, wanda ya kan iya kashe dabba, amma huhu ba ya kamuwa; in kuwa a bakin wutsiya aka sa, dabbar ta kan sami kariya. Filani ma sun san irin wannan dabara tun kafin zuwan Turawa: su kan tsaga fatar doron hanci su cusa ɗan yankin huhun da ya kamu. Wannan hikima ce da ta cancanci yabo, sai dai ba ta da ma'auni. Yanki ya yi girma ko ya ruɓe, sai kai ya kumbura a rasa saniya. Ya yi ƙanƙanta, sai a yi aikin banza.

Masana na zamani suna da hanyoyi uku. Ta farko, a zura siririyar mesa ta maƙogwaro a zuba ƙwayoyin cutar cikin huhu. Da ita an san yawan abin da aka zuba da ranar da aka zuba, amma ba haka cuta ke shiga a ruga ba. Ta biyu, a sa wa waɗansu shanu cutar ta mesa, sa'an nan a haɗa su garke ɗaya da waɗanda a ke gwadawa. Wannan ta fi kama da abin da ke faruwa a mashaya, amma tana cin shanu da yawa da watanni, ba wanda kuma ya san ranar da kowace ta kamu. Ta uku, a fesa musu ƙwayoyin a hanci su shaƙa. Kowace hanya da irin sakamakon da ta ke bayarwa. Bayan wannan, wani ya yi gwajinsa da irin ƙwayar da a ke kira Gladysdale ta Ostareliya, wani da Afade wadda aka samo a arewacin Kamaru kusa da tafkin Cadi, wani da wadda ya samo a garken maƙwabcinsa. Wani ya yanka shanun ya duba bayan wata guda, wani bayan wata uku. Ma'aunin ba da maki ga ɓarnar huhu wanda Hudson da Turner suka tsara a Ostareliya a 1963 har yanzu da shi a ke aiki, amma ɗakunan bincike da dama kowa ya yi masa nasa gyara.

Kowane akawu da ya taɓa rubuta farashin hatsi ya san abin da wannan ke nufi. In mudun Yelwa dabam, na Wara dabam, na Shanga dabam, ba za ka iya cewa gero ya fi araha a nan ko can ba, ko da kowane mai awo mai gaskiya ne. Ba mu zargin masanan nan da ha'inci. Abin da mu ke cewa shi ne aikinsu, duk da wahalarsa da tsadarsa, ba ya taruwa ya zama ilmi guda da hukuma za ta dogara a kai.

Abin da ya kamata a daidaita

Ba sabon abu mu ke nema ba. Masu binciken wata cutar hanji mai daɗewa a jikin shanu da tumaki, wadda a ke kira cutar Johne, sun tarar da kansu cikin irin wannan ruɗani, sai suka haɗu daga ƙasashe da yawa suka buga ƙa'idodin gwaji na bai ɗaya a 2007: irin ƙwayar da za a yi aiki da ita, da yawanta, da shekarun dabba, da hanyar ba ta, da yadda za a duba ta. Abin da aka yi wa ciwon hanji a ƙasashen masu arziki ya fi cancanta a yi wa ciwon huhu a ƙasashen da ya ke kashe shanu.

Na farko, a yarda da irin ƙwayar cuta guda, ko biyu, a ajiye asalinta a wuri amintacce, kowane ɗakin bincike ya karɓa daga can, domin ƙwayar da aka daɗe ana dasawa a kwalba kaifinta ya kan ragu. Na biyu, a ƙayyade yawan da za a ba kowace dabba da hanyar ba ta, a kuma ƙirga shi ranar da aka bayar. Na uku, a faɗi irin shanun da shekarunsu da inda aka samo su, a kuma gwada jininsu kafin a fara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: maraƙin da bai kai wata shida ba ciwon ya fi kama masa gaɓoɓi bisa ga huhu, shanu marasa tozo kuma sun fi masu tozo kumburin allura. Na huɗu, a raba shanun da ƙuri'a, kada mai gwaji ya zaɓi ƙosassu ya yi musu allura ya bar ramammu su zama shaidu. Wanda zai duba huhun kuma kada ya san wace aka yi wa allura. Na biyar, a sa adadin kwanakin jira guda, da takardar ba da maki guda, wadda za ta haɗa zazzaɓi da tari da girman ɓarnar huhu da ko an sami ƙwayar da rai. Na shida, a buga sakamakon ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Gwajin da ya nuna allura ba ta yi aiki ba, in aka ɓoye shi a aljihun tebur, wani zai sake kashe kuɗi da shanu ya gano abin da aka riga aka gano.

Mun san akwai masu cewa ina dalilin sa wa lafiyayyar dabba ciwo, alhali addininmu ya hore mu da tausaya wa dabbobi? Wannan magana ce mai nauyi, ba mu kuwa raina ta ba. Amsarmu ita ce daidaita gwaji shi ne hanyar rage wannan wahala. Gwaji goma da ba su haɗuwa sun fi cin rayukan shanu bisa ga uku da aka yi da ƙa'ida. Lalle ne kuma ƙa'idar ta ƙunshi iyakar da in ciwon dabba ya kai ta za a yanka ta nan take, ba a bar ta tana shan azaba ba. Akwai kuma masu cewa kuɗin da za a kashe a kan gwaji gara a sayi allura da shi. Waɗannan mu ke tambaya: wa zai sayi buhu dubu na iri bai shuka ko mudu ɗaya ya ga tsironsa ba?

Rabon ƙasar Yawuri

Kada wani ya fahimce mu a karkace. Ba mu ce a kawo wannan gwaji bakin tafkin Kainji ba. Wurinsa bayan shinge ne, nesa da kowane garke, a hannun ƙwararru na Vom da na makarantun likitan dabbobi na jami'o'in Zariya da Sakkwato. Roƙonmu ga Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya, wadda aka kafa a 2024, shi ne ta tara waɗannan wuri guda su fitar da ƙa'ida ɗaya ta Nijeriya, su daidaita ta da ta sauran ƙasashen Afirka, a kuma yi gwajin a kan irin shanun da mutanenmu ke kiwo, Bunaji da Bokoloji da Rahaji da ƙananan shanun Borgu. Gwamnatin Jihar Kebbi kuwa, duk sa'ad da za ta karɓi allura ko wani sabon magani, hakkinta ne ta tambayi da wane mudu aka auna shi.

Amma gwajin bayan shinge rabin aiki ne. Sauran rabin a ruga ya ke, a nan ne kuwa masu karatunmu ke da hannu. A zamanin En'e, sabo da jangali, akwai littafin da ke nuna shanun kowane Arɗo a ƙasar kowane hakimi. Ba mu kiran a komo da jangali, amma muna kiran a komo da rubutu. Akawun ƙaramar hukuma ko na hakimi da ya bi masu allura, ya rubuta ranar da aka yi ta, da lambar kwalba, da sunan ruga, da yawan shanun da aka yi wa, da waɗanda aka ɓoye ko suka tafi mashaya. Ya rubuta gaskiya, ko da lissafin bai kai abin da ofis ke so ba. Allurar nan mai rai ce: zafi na kashe ta, in kuma an dama ta dole a ƙarar da ita cikin awa ɗaya ko biyu. In ƙanƙara ta narke a jirgin ruwa kafin a kai wani gungu ko wata tunga, a rubuta haka nan. In ba a rubuta ba, ranar da shanun suka kamu za a ɗora wa allura laifin rana, ko a ɗora wa makiyayi laifin allura.

Sarakunan fawa da mahauta su ma shaidu ne, don su ke fara ganin huhu. Duk wanda ya fede saniya ya ga alamun da muka zana, ya sanar da malamin dabbobi kafin a yar da huhun, a kuma bincika daga wace kasuwa ta fito. Daga irin wannan huhu ne masana za su san ko ƙwayar da su ke gwaji da ita ta yi daidai da wadda ke yawo a ƙasarmu.

Malaman makaranta kuwa, musamman na makarantun 'ya'yan makiyaya, su koya wa yara abu uku su kai gida. Saniyar da aka saya a ware ta daga garke tukuna. Allurar kanti da a ke yi wa mai tari tana iya kwantar da ciwo ta bar ƙwayar a ɓoye, sabo da haka a nemi shawarar likita. Rigakafi kuma na kowace shekara ne, ba na sau ɗaya ba. Ba kuma za a rasa darasin lissafi da na kimiyya a cikin wannan zance ba: yaron da ya gane dalilin da ya sa a ke barin waɗansu shanu su zama shaidu ya gane tushen binciken ilmi duka.

Makiyayi ba wawa ba ne. In aka ce masa allura na kare garke, aka yi, garken ya kamu, baɗi in ya hangi motar likita sai ya kora shanunsa daji, ba kuwa wanda zai ga laifinsa. In aka gaya masa gaskiya, cewa ta farko tana kare kaza daga cikin goma, ta biyu ta ƙara kaza, zai yi nasa lissafi ya kawo su da kansa. Amma hukuma ba ta iya faɗin lissafin da ita kanta ba ta tabbatar ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun cutar ba ta yi mana irin ta bushiya ba ya kamata a zauna a yanke wannan mudu. Allah ya kiyaye dukiyar talakawa, ya ba shugabanni ikon yin abin da ya dace, amin.